Turke Biyu da Fadamar Yaya Habu

Duk ilimin da ɗan Adam ya tara game da sararin sama, tun daga masu lissafin taurari na dā har zuwa masu harba kumbo na yau, ana iya shimfiɗa shi a ƙasa da igiya guda da turke biyu. Na sha faɗin haka a gaban ɗalibai tun ina da baƙin gashi, kuma har yau ban janye ba. Duk al'ummar da ta daina durƙusawa a ƙasa tana kafa turke don ta fahimci abu, ta koma shafa gilashin waya da ɗan yatsa, to ta yi rashi babba, kuma abin takaicin ba ta ma san ta yi ba.

Abin da ya taso mini da zancen bai taka kara ya karya ba. Rannan ne da farkon damina, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gidana a Haɗeja ina shaƙar hayaƙin adaidaita sahu, sai ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Shi ma malamin makaranta ne yanzu, har da jakar ratayawa. Ya zauna, ya gaishe ni da rabin baki, sauran rabin yana cikin waya.

Ya ce, "Kawu, ka san a 'yan kwanakin nan ne duniya ta fi yin nisa da rana a duk shekara? Ga shi nan an sa. Wai afiliyon sunan abin. Shi ya sa ka ji garin ya yi sanyi-sanyi."

Na ce, "Garin ya yi sanyi ne don an yi ruwa jiya."

"To ai duk ɗaya ne, Kawu."

"Lokacin hunturu fa, da kake kwana da riga uku kana rawar ɗari, ina rana take?"

"Can nesa mana."

"A lokacin ne ta fi kusa da mu."

Ya dube ni kamar mai tunanin ko tsufa ya fara taɓa ni, ya ce bari ya duba. Kafin ya duba wani abokinsa ya turo masa hoton wata akuya a kan babur, ya yi ta dariya, ya manta da ni da rana gaba ɗaya. Wannan shi ne mai koya wa 'ya'yan mutane.

Ma'anar kalmar ba wuya gare ta ba. Duk abin da ke kewaya wani abu a sama ba ya yin zobe cif-cif. Hanyarsa tana da ɗan tsawo, kamar ƙwan zabo, kuma abin da ake kewayawar ba ya zama a tsakiya, yana ɗan gefe ne. Saboda haka akwai inda mai kewayen ke matsowa kusa, akwai kuma inda ya fi ko'ina nisa. Wannan wuri mai nisa, idan wata ne yake kewaya duniya, Turawa suka ce afoji, idan kuwa duniya ce take kewaya rana, suka ce afiliyon. Malaman hisabi na Larabawa sun riga su sa masa suna, auju suke cewa. Ni dai a aji makurar nisa nake kiransa, yara kuma suna ganewa. Zafi da sanyin shekara ba daga nan suke ba, daga karkacewar duniya ne, amma wannan darasin wata rana ne. Abin da waya ba ta tsayawa ta gaya wa mutum shi ne halin wurin. A makurar nisa tafiya tana yin nauyi. Abin ba ya tsayawa, sai dai ya rage gudu har mai kallo ya ɗauka ya manta hanya, alhali kuwa daidai nan ne komowa take farawa.

Mu a filin ƙwallo muka koyi wannan, a kwalejin horon malamai. Malaminmu na labarin ƙasa wani dogon mutum ne mai yawan tari, wanda ya tsani allo. Ya fitar da mu cikin rana, ya kafa turke biyu, ya ɗaure bakin igiya ta zama zobe, ya zura ta a kansu, ya sa sanda a ciki ya ja ta yi tsam, sannan ya yi ta tafiya yana zana ƙasa har ya dawo inda ya fara. Ya ɗora hularsa a kan turke ɗaya ya ce rana ke nan. Ya sa muka bi zanen ɗaya bayan ɗaya, kusa da hula a guje, can nesa da ita kuma a hankali kamar masu rakiyar gawa. Duk wanda ya yi sauri a ƙarshen can sai ya daka masa tsawa, "Ina za ka? Wa ke koran ka a nan?" Na koma ɗakin kwana ranar kaina yana zafi, domin abin da mutumin nan ya zana a ƙasa, ni a cikinsa aka haife ni.

Ƙauyenmu yana cikin fadama, gabas da Haɗeja, kuma a wancan zamani ba abin da ke tafiya a wurinmu bai dawo ba. Kogi yakan janye da rani har ya zama ɗan zirin da yara ke tsallakewa, sannan damina ta yi nisa sai ka ji shi yana zuwa tun kafin ka gan shi, ciyawa na wani irin shuu, kwaɗi sun cika duniya da baki, mata na kwashe tukwane daga bakin kwari suna kiran 'ya'yansu. Fulani su wuce da shanu, ƙarar ƙahonni na haɗuwa, mu bi bayansu muna tsintar kashin shanu na hura wuta, bayan wasu watanni su komo ta burtalin da suka bi. Shamuwa ta ɓace, ta dawo kan tsamiyar masallaci, tsofaffi su ce a fara gyaran gona. Masunta su naɗe taru bayan girbi su bi ruwa gabas har Tafkin Chadi, su komo kafin shuka da warin banda a jikinsu da sabbin kalmomin Barebari a bakinsu. Kakata takan ce ba ta taɓa yi wa mai tafiya kuka ba, mai zama take yi wa, don shi ne ba ya kawo komai. Mun san nisa kamar yadda muka san yunwa, a jiki. Mun san akwai wata mai shiru, wanda ba labari ba saƙo, kuma mun san shirun nan ba mutuwa ba ne, juyowa ce. Yanzu kuwa kogin ma ya zama ma'aikaci, sai wani can sama a madatsar ruwa ya buɗe masa ƙofa zai zo, wani sa'in da rani tsaka, wani sa'in ya zo a fusace ya kwashe gari. Hanyoyin da kwale-kwale ke bi kacalla ta toshe su, wannan doguwar ciyawa da ba dabbar da ke ci, sai tsuntsayen jan-baki da ke kwana a ciki suna jiran shinkafar mutane. Yaro ya je shago sayo sukari, uwarsa ta kira shi a waya sau biyu tana cewa kana ina.

A shekarar da muka yi darasin filin ƙwallon nan ne yayana, Yaya Habu, ya yi tafiyarsa ta farko zuwa tafki. Shi ne ɗan farin gidanmu. Mutum ne mara magana, mai hannu, wanda in ya ga abu ya lalace sai ya zauna a kansa har ya gyaru. Bai tafi tare da ayarin masunta ba, saboda Baba ya riƙe shi sussuka, sai daga baya ya ɗauki komarsa ta kamun kifi da gorarsa ya ce zai cim musu a hanya.

Ya bar abu guda a baya da ya fi duk abin da gidanmu ya mallaka. Fadamar garinmu ba kamar gonar tudu ba ce da ake gado. Ta gari ce, tana hannun Bulama, wato mai garinmu, kuma kowane magidanci ko saurayin da ya isa noma yana da yanki ɗaya tak. Duk shekara, idan ruwan sama ya jiƙa ƙasa sosai, akan sa ranar rabo. Kowa ya je ya tsaya da ƙafarsa a kan yankinsa, Bulama ya bi da sandarsa yana dubawa. Wanda aka samu a tsaye, nasa na nan. Yankin da aka samu ba kowa, a ba wanda ba shi da shi, kuma ya tafi ke nan. Ba a tsaya wa wani, ko uba ba ya tsaya wa ɗa. Dokar tana da dalili, domin yankin da mai shi ya bari ciyawa ke cinyewa, tsuntsu ya yi gida a ciki ya addabi maƙwabta. Kuma shinkafar fadama ba ta jira. Sai an yafa ta ta tsiro ta yi ƙarfi kafin kogi ya malalo, in ba haka ba ruwa ya binne ta. Yankin Baba yana sama-sama, shekarar da ruwa ya yi rowa ba ya samun komai. Na Yaya Habu kuwa, wanda ya samu shekara guda kafin nan, yana gindin wata kanya, inda ruwa ke shiga a hankali ya fita a makare. Rani guda ya yi yana tone saiwoyin ciyawa a wurin har tafin hannunsa ya tsage. A shekarar ne muka fara cin shinkafa ba ranar salla ba.

Na dawo hutun damina na tarar masunta duk sun komo, ban da shi. Na bi su ɗaya-ɗaya. Na farko ya ce bai gan shi ba, amma tafkin ai ba kududdufi ba ne. Na biyu ya ce wasu sun zarce tsibiran ciki inda kifi ya fi. Na uku, wanda ba ya son a ce bai san abu ba, ya ce ya ji labarin wani Bahaɗeje mara magana can wajen da ake jin wani yare daban. Kowa na tambaya sai ya ƙara tura Yaya Habu gaba, har na fara jin in na tambayi mutum na goma zai kai shi Makka.

A gida kuwa ba mai zancen. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce iyayena ba su damu ba ne. Ɗan fari ne, kuma ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an san da shi, balle a je gaban mutane ana tambayar inda yake. Baba, in wani ya yi kuskuren cewa ina yaron nan, sai ya kau da kai ya ce, "Oho, yana inda yake," ya ci gaba da saƙar kabarsa. Inna kuwa tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunansa ba. Amma na lura tuwon dare kullum yana ragowa daidai cin mutum ɗaya, da safe ta ɗumama mana tana faɗan wai mun rage ci.

Wata rana da hantsi ina taya ta tankaɗe, don ni ba ta jin kunyata, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai da ake cewa kana karatu. Mutanen nan da ke zuwa gabas, in sun daɗe, me ke riƙe su?"

Na ajiye rariya na ɗauko tsinke biyu da zaren saƙa. Na zana mata a ƙasan tsakar gida. Na ce, Inna, nan gida ne, nan kuma ƙarshen tafiya. Duk abin da ke ɗaure da gida, in ya kai can sai ya yi nauyi, ya yi shiru, mutum ya ce ya ɓata. Amma duba, zaren bai tsinke ba. Wata ma haka yake yi, duniya ma haka take yi da rana, yanzu haka da muke magana tana can ƙarshen, tana juyowa.

Ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce, "Wata ma?"

"Wata ma, Inna."

Ta ce, "To kar ka share, bari kaji su share da kansu."

Baba yana zaure yana jinmu. Da na fito ya ce, "Kai, na ji kana cewa da damina rana ta fi nisa, da hunturu ta fi kusa?" Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To da hunturu mai zuwa sai ka ba ƙanenka bargonka, tunda kai ka san tana kusa." Amma bai ce in daina ba. Da aka sanar da ranar rabo, ya dube ni ya ce igiyar jakin nan tana bayan rumbu, in ina da amfani da ita. Iyakar abin da ya iya faɗi ke nan, kuma na gane. Uba ba zai je gaban Bulama ya roƙa wa ɗan farinsa ba. Ni ne ƙane, ni ba kunya a kaina.

Ana gobe rabo, bayan la'asar, na je ƙofar Bulama da igiya da turke biyu. Dattawa na zaune a kan tabarmi. Malam Gambo, maƙwabcinmu, yana nan da ɗansa Isa wanda ya isa noma bai da yanki, kuma kowa ya san inda idonsu yake. Ba mugun mutum ba ne Malam Gambo, 'ya'ya ne Allah ya ba shi da yawa. Na durƙusa na yi gaisuwa.

Bulama ya ce, "A'a, ɗan boko. Jaki ka zo ɗaurewa a ƙofata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, roƙo na zo yi a kan yankin Yaya Habu. Amma ina so in nuna dalili tukuna."

"Nuna mana. Yau ba mu da makaɗi, kai ma ka isa."

Na kafa turakun, na zura igiya, na ja zanen a gabansu. Na cire hulata na ɗora a kan turke ɗaya, na ce wannan garinmu ne, kamar yadda a sama rana ce. Na bi zanen da sauri a kusa, na rage tafiya a can nesa, na yi bayanin duk abin da malaminmu ya koya mana, ban rage ko tari ba. Na ce Yaya Habu bai ɓata ba, ya kai makurar nisa ne, kuma wanda ya fi kowa nisa dole ya fi kowa jinkiri. Wannan ba son rai ba ne, tsarin Allah ne a kan halittarsa.

Liman ya gyaɗa kai da ya ji an ambaci Allah. Bulama kuwa sandarsa ya miƙa ya nuna ɗaya turken. "Wannan mai hula gari ne. Wancan fa, na waye?"

"Ba kowa a wurin, ranka ya daɗe."

"Ba kowa?"

"Ba kowa. Amma in babu shi zanen ba ya fita."

Ya ce, "To ka ji. A sama ma akwai yankin da ba kowa a kai, kuma ba a raba shi ba. Gambo, kana ji?"

Aka yi dariya, har da Malam Gambo. Sannan Malam Gambon ya gyara zama ya ce, "Yaro, karatunka ya yi kyau, Allah ya ƙara. Amma ni tambaya ɗaya gare ni. Wata dai mun san igiyarsa a hannun Ubangiji take. Ta yayanka a hannun wa take?"

Na ce, "A hannun gida."

"Gidan da ba wanda ya zo ya tambaye shi sai kai?"

Liman ya ce, "Haba Gambo, ɗan fari ne fa. So kake uban ya zo ya tsaya a nan yana kiran sunansa? Kai ka taɓa kiran naka?"

Malam Gambo kuwa shi ma nasa ɗan farin "wancan" yake ce masa. Bulama ya daɗe yana zaƙular haƙori. Daga ƙarshe ya ce gobe za a yi rabo kamar kullum, amma yankin gindin kanya zai tsallake shi. Zai jira har ranar da ruwan kogi ya taɓa saiwar kanyar da ke gangare. In Habu ya zo kafin nan ya tsaya da ƙafarsa, nasa ne. In bai zo ba, Isa ya shiga. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin an ɗaga wa wani ba. Na kwashe turakuna na tafi ina jin kamar ni na rataye wata a sama.

Sai jira. Yanzu in na ce jira, yaran nan suna ɗauka zaman layin mai nake nufi. Jiranmu aiki ne. Da safe in taya Baba ciran ciyawa a yankinsa, da yamma in gangara mashigi inda kwale-kwale ke tsayawa, in zauna ina kallon gabas. Duk ɗigon baƙi da ya ɓullo a kan ruwa sai na miƙe. Wani sa'in mai itace ne, wani sa'in tsuntsuwar dinya ce ta sauka. A hanyar komowa in bi ta gindin kanya in duba inda ruwa ya kai. Ko'ina shinkafar mutane ta tsiro ta yi kore shar, yankin Yaya Habu kaɗai ya zama kamar wurin da haƙori ya fita. Isa ma yakan zo dubawa. Mukan haɗu, mu gaisa, kowa ya yi kamar iska ya fito sha. Inna ba ta taɓa tambayata me na gani ba. In na shigo sai ta dubi ƙafafuna, in ta ga laka ta san daga inda nake, ta ce, "Ruwan wanka na bayan ɗaki."

Ruwan ya zo yadda ya saba zuwa a wancan zamani, ba gaggawa ba fashi. Wata ranar kasuwa da hantsi na tarar ya kwanta a kan saiwar kanyar, wani ɗan kwaɗo na zaune a kai. Ban gaya wa kowa ba, amma ba ni kaɗai ke da ido ba. Kafin azahar Bulama ya gangaro da sandarsa, ya tsaya, ya kira sunan Habu da ƙarfi kamar yadda ake yi, ya saurara. Sannan ya ce, "Isa, shiga." Isa ya shiga da ƙwaryar iri, yana yafi da sauri, ƙasa na tsotsar ƙafarsa. Malam Gambo ya matso kusa da ni ya ce, "Kar ka riƙe ni a zuci, ɗana." Na ce ba komai, Baba Gambo. Da na koma gida Baba yana zaure, ya dubi fuskata, ya ce, "An yi?" Na ce an yi. Ya ce, "To," ya ci gaba da saƙa, amma na ga kabar da yake sa wa ba a layinta take ba. Tun daga ranar tuwon dare ya daina ragowa. Gidanmu bai sake samun yanki a kwari ba, muka koma gero da jiran salla.

Har yau ban yarda na yi kuskure a kan sama ba. Wata yana kai wa makurarsa ya komo, duniya ma haka, kuma da yaron nan mai waya zai ba ni rabin sa'a da fili mai yashi, da na sa shi ya bi zanen da ƙafarsa har ya ji abin a gwiwarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne an rasa masu jin wannan karatu. Mu mun gane shi nan take don mun san yadda ake rasa labarin mutum wata da watanni ana kuma dafa tuwo da shi. 'Ya'yana suna Kano da Abuja, na san unguwarsu, na san launin labulen ɗakinsu don suna nuna mini a waya, kullum sai sun kira sun ce Baba ya jiki. Ba su taɓa yin nisan da zan zauna a mashigi ina jiransu ba, kuma rabon da su kwana a gidan nan har na daina lissafi. Wanda bai yi nisa ba, ta ina zai juyo? Na tambayi babbansu haka, ya ce in yi haƙuri layin ba kyau.

Labarin Yaya Habu kuwa sai da kaka ya zo mana, ana yankan shinkafa, na sake dawowa hutu. Akwai wani mai koli da ke zuwa garinmu a kan keke duk ranar kasuwa, yana sayar da allura da madubi da turare, yakan tsaya ya gaida Baba a zaure. Ranar ya same ni ni kaɗai a ƙofar gida, ya jingine kekensa yana shan ruwa. Na yaba wani faci da aka yi wa tayarsa, don an yi shi da kyau kamar ɗinki.

Ya ce, "Ai aikin gidanku ne. Yayanka ya yi mini."

Na ce, "Wane yayan nawa?"

"Habu mana. Kana da wani? Ai duk mai keke a wajenmu wurinsa yake zuwa. Hannu gare shi, sai dai ba ya magana."

Na ce, "Malam, tun yaushe ka san inda yake?"

"Tun rani. Ya ce shi ya gaji da laka da warin kifi, kuma ba zai iya duban idon tsoho ya faɗa ba."

"Kana zuwa gidan nan duk mako, kana gaida Baba, ba ka taɓa faɗi ba?"

Ya ajiye moɗa ya dube ni da mamaki na gaske. "Haba ɗan makaranta. In zauna gaban dattijo in ɗauko masa zancen ɗan farinsa? Ni ba a yi mini tarbiyya ba? Ai na ɗauka kun sani."

Yaya Habu yana Guri, tafiyar yini ɗaya daga ƙofar gidanmu, yana facin keke a gindin wani bango a bakin kasuwa. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa ganin Tafkin Chadi ba.